Daga Dogari zuwa Kurtu: Wa Ke Ɗaukar Ɗan Sanda, Wa Ke Biyansa?

Aikin ɗan sanda na gwamnati a Najeriya da baƙi ya fara. A 1861, shekarar da Turawan Ingila suka karɓe Ikko, wato Legas, sai suka tara mutum talatin su riƙa gadin wakilinsu. Bayan shekara biyu wani hafsan sojan ruwa, John Glover, ya faɗaɗa abin. Ya tattaro samari masu jin Hausa, da yawansu bayi ne da suka gudo daga hannun iyayengijinsu, ya ɗinka musu kaki, ya ba su bindiga. Zuwa 1879 wannan runduna ta Hausawa ta kai mutum 1,200. Kafin nan ma, a 1873 da 1874, Glover ya kwashi wasu daga cikinsu zuwa yaƙin Asante, a ƙasar da yau ake kira Ghana.

Ba don ƙaunar Hausawa Glover ya zaɓe su ba. Mutane ne da ba su da gona a Ikko, ba dangi, ba gidan surukai. Cinsu da suturarsu, har da 'yancin kansu, duk suna hannun Bature. Wanda ke cikin wannan hali ba zai ji nauyin kowa ba idan aka ce ya je ya kamo basarake ko ya watsa kasuwa. Manufar ɗaukar ɗan sanda ta farko a ƙasar nan ke nan: a nemo wanda biyayyarsa ke ga na sama, kuma jama'ar gari ba su da hanyar da za su kama shi da laifi. Sauran rundunonin da suka biyo baya duk a kan wannan tubali aka gina su. Kamfanin Neja ya kafa tasa a Lakwaja a 1888, aka kafa wata a Kalaba a 1894, Ikko ta sami 'yan sandan gari a 1896. Sai ranar 1 ga Afrilu, 1930, aka haɗe ta Kudu da ta Arewa suka zama rundunar 'yan sandan Najeriya, hedikwatarta a Ikko.

To amma talakan Kano ko na Katsina a wancan zamani, ba wannan runduna ya sani ba. Shi dogari ya sani.

Da Lugard ya ci Kano da Sakkwato a 1903, bai da mutanen da zai baza a kowane gari, bai da kuɗin biyansu. Sai ya bar wa sarakuna dogaransu. Dogari bawan sarki ne ko baransa, da rigarsa mai ja da kore da jan rawani, a ƙarƙashin Sarkin Dogarai. Shi ke gadin fada, shi ke kamo mai laifi, shi ke raka masu karɓar haraji da jangali. Ba ya da albashin wata. Daga gidan sarki yake ci, ya sami riga da sallah, in kuwa an aike shi ƙauye to mai gari ne zai saukar da shi, ya ciyar da shi da dokinsa, ya sallame shi da ɗan abin hannu. Wato wanda aka aiko wa, shi ke ɗaukar nauyin ɗan aike. A tsarin fada abin yana da iyaka, don sarki na iya jin labari ya hukunta bawansa. Amma ɗabi'ar cewa mai kayan sarki zai ci daga jikin wanda ya je wurinsa ta daɗe a ƙasa, kuma babu gwamnatin da ta zo ta biya isasshen albashin da zai tumɓuke ta.

Daga wajen 1911, da baitulmali ya bazu a masarautu, aka fara yanka wa dogarai albashi daga kuɗin En'e, wato hukumar mulkin masarauta. A 1925 Kano ta kafa 'yan gadi, masu kaki da fareti irin na Turawa, sauran masarautu suka kwaikwaya, daga baya aka san su da 'yan doka. Matsalar ɗauka ta taso nan da nan. Aiki ne da aka sani na bayi da barori, ɗan gidan mutunci ba ya son sa. Dabarar da aka yi ita ce a ɗora 'ya'yan sarki a kan rundunar don aikin ya sami kwarjini. Usman Nagogo ya shugabanci 'yan dokan Katsina tun daga 1929, kafin ya hau gadon sarauta a 1944. Ado Bayero ya riƙe muƙamin Wakilin Doka a Kano daga 1957 zuwa 1962, shekara guda kafin ya zama sarki.

Saboda haka gari ɗaya, hukuma biyu. 'Yan sandan gwamnati na kula da Sabon Gari da tashar jirgin ƙasa da unguwar Turawa. Cikin birni da ƙauyuka na ɗan doka ne.

Dattawan da ke yabon ɗan doka ba ƙarya suke ba. Ɗan gari ne, ya san lungu, ya san mai unguwa, ya san gidan da ɓarawo ke kai kaya. Baƙo ya sauka a unguwa da magariba, kafin asuba labari ya kai ga dagaci. In an saci akuya, ba a buƙatar wani dogon rubutu kafin a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Wannan sanin ƙasa shi ne abin da rundunar tarayya ba ta taɓa maye gurbinsa ba har yau.

Sai dai akwai ɗaya fuskar, wadda tsofaffin 'yan NEPU suka sani a jikinsu. En'e guda ce ke riƙe da ɗan doka, ita ke riƙe da kotun alƙali, ita ke riƙe da gidan yari. Wanda ya kama ka, da wanda zai yi maka shari'a, da wanda zai kulle ka, duk daga aljihu ɗaya ake biyansu, kuma mutum ɗaya suke yi wa faɗuwa. Da aka kafa jam'iyyar adawa ta NEPU a watan Agustan 1950, Malam Aminu Kano da mutanensa suka fara sukar En'e a fili, sai wannan tsari ya nuna abin da zai iya. A nemi izinin lacca a hana. A yi laccar a kama mutane da laifin taro ba izini, ko zagin sarki, ko ta da hankali. Da safe a kai su gaban alƙali, kafin azahar an yanke musu wata uku ko shida, wani lokaci da bulala. Hajiya Gambo Sawaba ta sha shiga kurkuku ta wannan hanya. Babu wata hukuma a waje da En'e da talaka zai kai wa ƙarar ɗan doka ya ga sakamako. A Jihar Yamma ma haka 'yan sandan ƙananan hukumomi suka zama sandar jam'iyya mai mulki, musamman a zaɓuɓɓukan 1964 da 1965. Jihar Gabas kuwa ta dogara kacokan ga rundunar tarayya.

Ƙananan ƙabilu sun kai wannan kuka gaban hukumar Willink, wadda ta zaga ƙasa tana sauraron fargabarsu, ta ba da rahoto a 1958. Ta karkata ga runduna guda ta ƙasa. Tsarin mulkin 1960 ya ɗauki hanya ta tsakiya: Sufeto Janar ɗaya, kwamishina a kowace jiha, majalisar 'yan sanda da shugabannin tarayya da na jihohi ke zama a cikinta, da wata hukuma ta daban mai kula da ɗauka da ƙarin girma da ladabtarwa. 'Yan doka kuwa aka bar su yadda suke. A 1964 Louis Edet ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci rundunar.

Soja ne suka yanke abin da 'yan siyasa suka kasa. Bayan juyin mulkin 1966 aka kafa kwamiti ƙarƙashin Yusufu Gobir ya duba 'yan sanda da gidajen yari, ya ce a haɗe su. Daga 1968, a zamanin Janar Yakubu Gowon da Sufeto Janar Kam Selem, mutumin Borno, aka fara shigar da 'yan doka cikin rundunar tarayya. Waɗanda suka cika sharaɗi suka canza kaki, sauran aka sallame su. Kafin a yi nisa cikin shekarun 1970 ɗan doka ya zama tarihi. An raba sarki da gwamna da ikon kamu, abin da 'yan adawa suka daɗe suna roƙo. Amma ba a miƙa wannan iko ga jama'a ba, sai aka tattara shi duka aka kai Ikko, daga baya Abuja. Kurtun da aka haifa a Ogoja ya sami kansa a Gumel, ba ya jin harshen mai ƙara, ba ya da mai unguwar da zai tsawata masa. Ta wata fuska an koma tsarin Glover.

Jamhuriya ta biyu ta zuba wa rundunar kuɗi da makamai, musamman 'yan kwantar da tarzoma, amma ba ta ƙara mata mai sa ido ba. A watan Afrilun 1980 manoman Bakolori, a tsohuwar Jihar Sakkwato, suka tare hanyoyi suna neman diyyar gonakin da madatsar ruwa ta cinye. Aka tura musu 'yan mobal, aka buɗe wuta. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin suka ce gawarwakinsu sun fi haka nesa ba kusa ba. A watan Disamba na shekarar, rikicin Maitatsine ya ɓarke a Kano, ya fi ƙarfin 'yan sanda, sai da soja suka shigo, bayan an rasa rayuka fiye da 4,000. Shekara guda ta nuna abu biyu: rundunar na da nauyin hannu a kan manomi, ba ta da shiri a gaban mai makami. Lokacin zaɓen 1983, ƙarƙashin Sufeto Janar Sunday Adewusi, jam'iyyun adawa na kallonta a matsayin reshen jam'iyya mai mulki, daidai irin zargin da aka yi wa 'yan doka shekara talatin kafin nan.

Daga ƙarshen 1983 zuwa 1999 soja ke mulki, kuma soja mai mulki ba ya son wata runduna mai ƙarfi a gefensa. Aka bar 'yan sanda da tsofaffin motoci da barikokin da rufinsu ke yoyo. A 1989 aka soke hukumar da ke kula da ɗauka da ladabtarwa. Aka shafe shekaru ba a ɗauki sababbin kurata yadda ya kamata ba, wasu suka daɗe a muƙami guda har furfura ta fito. Abin da wannan ya haifar ya bayyana tun a 1986 a Binin, lokacin da ɗan fashi Lawrence Anini ya addabi Jihar Bendel har Janar Babangida ya tambayi Sufeto Janar Etim Inyang a gaban mutane inda Anini yake. Da aka kama shi, sai ga wani babban jami'in 'yan sanda, George Iyamu, cikin masu ba shi makami da labari. An harbe Iyamu da Anini a 1987. Amsar da aka ba matsalar fashi ita ce ƙirƙiro rundunoni na musamman masu farin kaya da sakakkiyar ragama. SARS, wadda aka kafa a Legas a 1992, ɗaya ce daga cikinsu.

Da aka koma farar hula a 1999, 'yan sanda kusan 140,000 ne ke tsaron ƙasa mai mutum fiye da miliyan ɗari. Shugaba Obasanjo ya ba da umarni a riƙa ɗaukar 40,000 kowace shekara har shekara biyar. Niyyar ba ta da laifi. Sai dai manyan makarantun horar da kurata, na Ikeja da Kaduna da Maiduguri da Oji River, ba a gina su don ɗaukar wannan taro ba, kuma ba a gyara su kafin a buɗe ƙofa ba. Aka cusa mutane, aka rage tantancewa, 'yan siyasa suka kawo sunayen yaransu, masu takardun bogi suka shige. Daga baya hukumomin 'yan sandan da kansu suka yarda an ɗauki dubban mutanen da bai kamata su sa kaki ba. Adadi ya ninka, amma ba a ninka ɗakunan bariki ba, ba a ninka kuɗin gudanarwa ba.

Ranar 1 ga Fabrairu, 2002, abin da ba a taɓa gani ba ya faru. Ƙananan 'yan sanda suka shiga yajin aiki a kan ariyas na albashi da alawus da ƙarin girman da aka daɗe ba a yi ba. Doka ba ta ba su damar kafa ƙungiya ba, don haka takardu marasa sa hannu suka riƙa yawo daga bariki zuwa bariki. Gwamnati ta kira abin tawaye, ta fito da soja su tsare bankuna da manyan wurare, aka kori wasu daga aiki. Bayan kamar wata guda Sufeto Janar Musiliu Smith ya rasa kujerarsa. Wanda ya gaje shi, Tafa Balogun, ya sauka a Janairun 2005, hukumar EFCC ta Nuhu Ribadu ta gurfanar da shi a kan biliyoyin naira, ya amsa laifi, aka ɗaure shi wata shida. Kurtun da ya yi yaji saboda 'yan dubbai ya ga inda kuɗin ke tafiya.

Na fansho ya fi ciwo. A Janairun 2013 wata kotu a Abuja ta sami John Yakubu Yusuf, babban jami'i a ofishin fanshon 'yan sanda, da hannu a sama da faɗi da fiye da naira biliyan 20. Hukuncin: shekara biyu ko tarar naira 750,000. Ya biya ya tafi gida. Sai a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da hukuncin shekara shida tare da mayar da kuɗin. A wancan watan na Janairun 2013 ne kuma gidan talabijin na Channels ya nuna cikin makarantar horar da 'yan sanda ta Ikeja: ɗakunan kwana ba tagogi, katifu sun ruɓe, bayan gida ba shiga, abinci ba ya isa. Hotunan suka girgiza mutane har Shugaba Jonathan ya je da kansa ba sanarwa.

Mutumin da aka horar a irin wannan wuri shi ake turowa caji ofis na unguwa. Duk wanda ya taɓa kai ƙara ya san yadda abin yake. A bango an rubuta beli kyauta ne. A kan kanta kuwa za a ce ba takarda, ba biro, motar sintiri ba mai, in kana son a je a kamo wanda ya cuce ka sai ka kawo kuɗin mota. Sau da yawa ba ƙarya ake yi ba: abin da ke isa ga difi'o na gudanar da ofis ba ya kai mako. Kurata da yawa da kuɗinsu suke ɗinka kaki, su sayi takalmi, in an canza musu wurin aiki su nemi ɗakin haya da kansu. Daga nan sai shingen kan hanya, inda naira ashirin ta direban haya ta zama abin da kowa ya sani a shekarun 2000. Rahoton da ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar a 2010 ya bayyana yadda na ƙasa ke kai kaso ga na sama, har wasu wuraren aiki masu maiƙo sai an biya kafin a tura mutum. Wannan ba ya wanke ɗan sandan da ya harbi direba a kan naira ashirin, kisa kisa ne. Amma gwamnatin da ta tura mutum aiki da bindiga ba guzuri ta san sarai daga inda zai ci. Sufeto Janar M.D. Abubakar ya ba da umarnin rushe shingaye a 2012, suka ɓace na ɗan lokaci, suka dawo.

Wa ke sa ido? Tsarin mulkin 1999 ya dawo da hukumar kula da ayyukan 'yan sanda, aka yi mata doka a 2001. Ita ke da ikon ɗauka da ƙarin girma da korar kowane ɗan sanda in ban da Sufeto Janar. An yi ta ne don farar hula su riƙe linzami, amma bayan shugabanta na farko, Simon Okeke, duk waɗanda aka naɗa mata tsofaffin manyan 'yan sanda ne: Parry Osayande, Mike Okiro, Musiliu Smith, Solomon Arase, Hashimu Argungu. Ba ta da isassun masu bincike nata, sau da yawa ƙarar da aka kawo mata a kan ɗan sanda wurin 'yan sanda take komawa. Majalisar 'yan sanda, wadda shugaban ƙasa da gwamnoni 36 ke ciki, ba a cika jin ta zauna ba sai za a tabbatar da sabon Sufeto Janar.

Sakamakon ya bayyana a shari'o'i. A watan Yunin 2005 'yan sanda suka kashe matasa shida a Abuja, 'yan kasuwar Apo biyar da wata budurwa, suka ce 'yan fashi ne. Sai a 2017, bayan shekara goma sha biyu, kotu ta yanke wa biyu daga cikin jami'an hukuncin kisa. A ƙarshen Yulin 2009 soja suka miƙa Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram, ga 'yan sanda a Maiduguri da ransa, cikin awoyi ya zama gawa ba tare da ya ga alƙali ba. Mabiyansa suka mayar da ɗan sanda abin farauta. A Yunin 2011 suka kai bam hedikwatar rundunar a Abuja, kuma ƙananan 'yan sanda marasa adadi suka mutu a caji ofis na Borno da Yobe da Kano, suka bar matan da aka riƙa kora daga ɗakin bariki kafin haƙƙin mazajensu ya fito. Rashin mai tsawatarwa bai cuci farar hula kaɗai ba.

Ba a rasa kwamitoci ba. Na Ɗan Madami ya zauna a 2006, na M.D. Yusufu a 2008, na Osayande a 2012. Kwamitin M.D. Yusufu, wanda tsohon Sufeto Janar ne daga 1975 zuwa 1979, ya ƙiyasta ana buƙatar naira tiriliyan 2.8 cikin shekara biyar don a tayar da rundunar. Ba a bayar ba. A 2019 aka kafa asusun tallafa wa 'yan sanda da za a riƙa zuba wa rabin kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin asusun tarayya, Jihar Ribas ta kai ƙara, kotun tarayya ta ce a 2022 cire kuɗin ya saɓa wa tsarin mulki.

Abin da manya suka fi zage damtse a kansa shi ne ikon ɗauka. A 2019, da aka ce a ɗauki kurata 10,000, hukumar kula da ayyukan 'yan sanda da ofishin Sufeto Janar suka kama kokawa a kan wanda zai fitar da sunaye. Babbar kotun tarayya ta ba Sufeto Janar gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta juya hukuncin a Satumbar 2020, Kotun Ƙoli ta tabbatar wa hukumar da ikonta a Yulin 2023. Shekara huɗu ana shari'a, a daidai lokacin da 'yan bindiga ke kwashe ƙauyukan Zamfara da Katsina da Neja. A 2024 rigimar ta sake tashi, rundunar ta ƙi karɓar jerin sunayen da hukumar ta fitar tana zargin an yi cushe. Dalilin zafin abin ba ɓoyayye ba ne. A ƙasar da matasa ke yawo da takardun makaranta ba aiki, gurbi 10,000 dukiya ce ta siyasa. Ba a taɓa jin waɗannan ofisoshi biyu sun je Kotun Ƙoli a kan alawus ɗin kurtu ba.

Shi kurtun kuwa ya ci gaba da kuka ta hanyar da ya iya. A farkon Yulin 2018 'yan mobal da aka tura Maiduguri suka tare hanya a gaban hedikwatarsu, suna harbi sama, suna neman alawus na watanni. A Oktoban 2020 matasa suka cika titunan Legas da Abuja da wasu birane suna neman a rushe SARS saboda kisa da azabtarwa da ƙwace. Ranar 11 ga watan aka rushe ta. A Arewa ra'ayi ya rabu, gwamnonin yankin ma suka nuna ba su goyi bayan rushewar ba, don su abin da ya dame su rashin 'yan sanda ne a dazuka. Abin lura shi ne, cikin buƙatu biyar na masu zanga-zangar, ɗaya ita ce a ƙara wa 'yan sanda albashi. Waɗanda aka fi zalunta su suka fahimci alaƙar. A Disambar 2021 gwamnatin Buhari ta amince da ƙarin kashi 20 cikin ɗari. Cire tallafin mai a 2023 da hauhawar farashin da ta haura kashi 30 a 2024 suka lashe ƙarin. A Yulin 2025 tsofaffin 'yan sanda suka yi zanga-zanga a Abuja suna neman a fitar da su daga tsarin fansho na karo-karo, kamar yadda aka fitar da soja, domin abin da ake ba su bayan shekara 35 na aiki ba ya riƙe gida.

An yi sabuwar dokar 'yan sanda a Satumbar 2020, ta maye gurbin ta 1943, ta ba Sufeto Janar wa'adin shekara huɗu, ta hana kama wani a madadin wani. Gyara ne na gaske a takarda. Amma rabon ma'aikata bai canza ba: Mike Okiro, yana shugaban hukumar a 2018, ya ce kusan 'yan sanda 150,000 na gadin manya da masu kuɗi. Sufetoci Janar da dama sun yi shelar janye su, amma sai su koma.

Inda gwamnatin tarayya ta bar gurbi, jihohi da jama'a sun cike. Kano ta yi wa Hisba doka a 2003. Matasan Maiduguri suka fito da 'yan kato da gora a 2013. Jihohin Yarbawa suka kafa Amotekun a 2020, Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta fito da Askarawa a 2024. 'Yan sa-kai sun kare garuruwa da dama, sun kuma kashe mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, abin da ya ƙara rura gabar Hausawa da Fulani a Zamfara. Daga nan kiran a kafa 'yan sandan jihohi ya yi ƙarfi, har a Fabrairun 2024 Shugaba Tinubu da gwamnoni suka amince a duba batun.

Hujjar masu wannan kira mai ƙarfi ce. Gwamna na amsa sunan shugaban tsaron jiharsa, yana sayen motoci da mai, alhali sashe na 215 na tsarin mulki ya ba kwamishina damar ya ce sai ya ji daga Abuja. Kuma ɗan gari ya fi baƙo sanin dajin garinsu. Sai dai muhawarar ta sake tsayawa inda ta saba tsayawa tun zamanin En'e, a kan wanda zai mallaki rundunar. Jihohi da yawa sun kasa biyan malaman makaranta a 2015 da 2016 sai da tarayya ta ba su bashin ceto. Malamin da ba a biya ba yana zama a gida, ɗan sandan da ba a biya ba yana da bindiga. Kuma hukumomin zaɓe na jihohi, inda jam'iyyar gwamna ke cinye kusan kowace ƙaramar hukuma, sun nuna yadda hukumar da gwamna ya naɗa shi kaɗai ke aiki.

Sashe na 214 na tsarin mulki shi ya hana kafa wata runduna ban da ta tarayya, kuma taɓa shi na buƙatar amincewar majalisun jihohi 24 daga cikin 36. Ke nan maganar ta ratsa ta hannun ɗan majalisar kowace mazaɓa. Jama'a su tambaye shi a fili: nawa ne albashin kurtu, daga wane asusu, kuma me zai hana a riƙe shi wata uku? Su tambaye shi wanda zai tantance masu shiga, in ba shugabannin jam'iyya na gunduma ba. Su kuma sa ya nuna musu ofishin da matar da aka kashe wa ɗa a caji ofis za ta kai ƙara, wanda gwamna ba zai iya korar shugabansa ba. Dokar da ba ta amsa waɗannan a rubuce ba, bai kamata a ɗaga mata hannu ba.